Kundin Aikin Motar Naman Daji, Daga Kachia Zuwa Kaduna

9 ga Nuwamba, 2024

An buɗe wannan kundi ne domin a riƙa rubuta yadda aikin motar jigilar naman daji yake tafiya, ta yadda duk masu hannu a cikinsa za su san inda aka kwana: maharban yankin Kachia da Kajuru, da matan da ke sarin naman a cikin garin Kaduna, da likitan dabbobin da ya amince ya riƙa duba mana, da direban da zai riƙe motar. Ni aka ɗora wa rubutun. Burin aikin shi ne naman da aka harbo cikin dare ya iso hannun mai saye bai fara lalacewa ba, kuma wanda ya ɗauko shi bai kwashi wata cuta a hanya ba.

Yadda ake yi a yanzu sananne ne ga duk mai bin hanyar Kujama zuwa Kasuwan Magani. Maharbi yakan cusa gyazbi da zomo da zabon daji, wani lokaci har da gada, a cikin tsohon buhun taki, da kayan cikinsu da komai, ya ɗaure a bayan babur zuwa bakin titi. Daga nan buhun ya shiga but ɗin motar haya, tsakanin jarkar fetur da buhun gawayi, kuma ba kasafai yake isa gari ba kafin rana ta take. Abin da ya fara wari sai a yi masa banda, hayaƙi ya rufa masa asiri, a sayar wa wanda bai sani ba.

Mun samu tsohuwar a-kori-kura wadda injinta ke da lafiya. Ba za mu doshi ɓangaren Birnin Gwari ba, domin dajin Kamuku gandun ƙasa ne da doka ta haramta farauta a cikinsa, ban da halin da tsaron hanyar yake ciki.

21 ga Nuwamba, 2024

Zaman da aka yi a zauren Sarkin Baka ya tafi ne kacokan a kan tambaya guda: wace dabba ce za ta hau motar, wace ce ba za ta hau ba? Tun ba a taɓa ko ƙusa a jikin motar ba muka ga dole a warware wannan, domin mota ba ta gyara nama. Iyakacinta ta kiyaye shi a halin da ta karɓe shi.

Ɓangaren doka bai jawo gardama ba. Dokar kare namun daji masu fuskantar ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, tana nan daram, kuma tun 2016 ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin namun daji a duniya, suka amince da hana cinikin dankunya tsakanin ƙasa da ƙasa. Saboda haka dankunya da biri ba su da wuri a motarmu, gada kuwa sai maharbi ya nuna takardar izini daga ofishin kula da gandun daji. Batun mushe ma kowa ya yi na'am da shi. Dabbar da aka tarar ta mutu a tarkon waya, wadda ba a san lokacin da ranta ya fita ba, aya ta 3 a Suratul Ma'ida ta riga ta haramta ta ga Musulmi, likita kuma ya ce ta fuskar lafiya ma hukuncin ɗaya ne ga kowa, domin jinin bai fita ba, hanji kuma ya daɗe yana ruɓewa a cikin ciki.

Inda aka kai ruwa rana shi ne gafiya da kurege. Wani dattijo daga cikin maharban ya ce, "Likita, tun muna yara muke cin gafiya, ba mu taɓa jin ta kashe kowa ba." Likitan ya amsa masa da ladabi: "Baba, ban ce kowace gafiya tana ɗauke da cuta ba, amma babu mai iya gane mai ɗauke da ita da ido." Ya tuna wa zauren cewa a 2003 ƙyandar biri ta ɓulla a Amurka ne ta hanyar wasu ƙananan dabbobi da aka kai daga Ghana, kuma akwai gafiya a cikinsu. Cutar ta sake bayyana a Nijeriya a 2017, ta fara da Bayelsa, sannan a watan Mayun 2022 ma'aikatar noma ta tarayya ta gargaɗi maharba da dillalai da su dakatar da harkar naman daji saboda ita. Ɓera kuwa ba a ma tsaya muhawara a kansa ba, domin shi ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsarinsa da kashinsa. A ƙarshe Sarkin Baka ya yanke cewa wanda ke son gafiyarsa ya ci a gidansa, amma ba za ta shiga motar jama'a ba. A ganina hukuncin ya yi daidai, ko da yake ya rage wa wasu abin da suke samu, kuma ba su ɓoye ɓacin ransu ba.

3 ga Disamba, 2024

Likitan ya kawo mana ƙa'idojin ƙasashen da suka daɗe da tsara wannan sana'a, muka zauna muka duba abin da zai yiwu a nan. A Tarayyar Turai, doka mai lamba 853 ta shekarar 2004 ta ce a cire tumbi da hanji da wuri-wuri bayan an harbi babbar dabba, wani wanda aka horar ya duba gawar da kayan cikinta, kada a jibge gawarwaki a kan juna yayin jigila, sannan a sanyaya naman har cikinsa ya sauka zuwa digiri 7 a ma'aunin Selshiyos. Ƙananan dabbobi irin su zomo da tsuntsaye, nasu digiri 4 ne. Ostireliya, inda ake harbin kangaru don kasuwa, ta fi kama da mu wajen zafin ƙasa da farautar dare. Ƙa'idarsu ta 2007 ta ce gawa ta shiga ɗakin sanyi cikin awa 2 da harbinta, idan kuma da dare aka harbe ta, to cikin awa 2 bayan fitowar rana, sannan cikin awa 24 tsakiyar tsokar ta sauka zuwa digiri 7. Motocin maharbansu suna da ƙarafan rataya a baya, da ruwan wanke hannu da wuƙa.

Abin da na ɗauka daga karatun shi ne cewa dukkan ƙa'idojin agogo suke kallo. Dabbar da aka harba tana da ɗumin jiki na kusan digiri 38 ko 39, ƙwayoyin cuta irin su Salmonela da ke cikin hanji kuma suna iya ninka yawansu cikin kimanin minti 20 idan suka samu ɗumi da danshi. Mun shigo aikin nan hankalin mafi yawanmu yana kan firji, amma firjin da ya karɓi nama bayan awa 10 da harbi bai sanyaya komai ba sai ɓarnar da ta riga ta auku. Don haka aka tsayar da cewa motar ce za ta kwana kusa da maharba, ta yi lodi da asuba, ta kama hanya kafin hantsi, maimakon su riƙa jiran motar haya a bakin titi.

14 ga Disamba, 2024

Motar tana Panteka, kasuwar masu walda da ƙere-ƙere a Kaduna. Mai waldar da ya karɓi aikin ya saba ƙera tukwanen suya da injin niƙa, kuma da aka bayyana masa abin da ake so, shi da kansa ya ƙara abubuwan da ba mu yi tunaninsu ba.

An cire katakon da ke shimfiɗe a bodin gaba ɗaya, domin katako yana shan jini, kuma babu wankin da ke fitar da shi. An maye gurbinsa da farantin ƙarfe marar tsatsa, an ɗan karkata shi zuwa baya, da rami a kusurwa inda ruwan jini zai gangara ta bututu ya shiga jarka mai murfi a ƙarƙashin mota, kada ya riƙa ɗiga a kan titi. Mai waldar ya lanƙwasa duk kusurwoyin ciki suka zama masu gwiwa, ya goge bakin waldar har sai da ya bi da yatsa bai ji kaushi ba, yana cewa duk inda farce ya maƙale, nan datti zai kwana. A sama an gitta sanduna biyu da ƙugiyoyi, an bar tazarar kamu ɗaya tsakanin kowace ƙugiya da ta kusa da ita, tsayinsu kuma ya isa a rataye gada ta ƙafafun baya ba tare da kanta ya taɓa ƙasa ba. Bangon akwatin ninki biyu ne, da soson hana zafi a tsakani, an kuma shafa wa bayansa farin fenti. Tsuntsaye suna da nasu sashen daban da ƙofarsa, saboda gashinsu da ƙurar da ke cikinsa.

An mayar da bakin salansa gefe don kada hayaƙi ya riƙa bugun ƙofar akwatin. Jarkar fetur da taya da kayan gyara sun koma wani ƙaramin akwati a bayan kan mota. Karnukan farauta ma an hana su hawa, abin da bai yi wa samarin maharban daɗi ba ko kaɗan.

8 ga Janairu, 2025

An fara gwaji cikin sanyin hunturu, wanda ya sauƙaƙa mana sosai, domin da asuba iskar yankin Kachia takan yi sanyin da ke taimaka wa nama ya huce tun kafin a loda shi. Likitan ya koya wa direba da maharba biyu amfani da ma'aunin zafi mai tsinke: a goge tsinken, a soka shi cikin tsokar cinya har kusa da ƙashi, a jira lambar ta tsaya, a rubuta tare da lokaci. Taɓa fata da hannu yaudara ne, domin fata tana iya yin sanyi ƙalau alhali cikin cinya yana nan da ɗuminsa.

Domin maharban su gani da idonsu, an ajiye wasu gyazbi a jibge cikin buhu kamar yadda aka saba, aka rataye wasu bayan an cire musu kayan ciki an buɗe cikin da ɗan tsinken kara mai tsabta. Da aka isa Kaduna, na ratayen sun bushe, tsokarsu ta yi ja mai kyau. Na cikin buhun kuwa, wanda ke tsakiya cikinsa ya kumbura, fatar mararsa ta fara yin kore, gashin kuma yana tugewa da ɗan ja kaɗan. Ɗaya daga cikin matan da ke sari ta ɗaga shi ta sunsuna ta ce, "Malam, irin wannan kullum muke karɓa, mu dai mun ɗauka haka naman daji yake." Wannan gwaji ya yi aikin da doguwar lacca ba ta yi ba.

An kuma haramta leda. Naman da aka ƙulle a leda da ɗuminsa yana gumi kamar tuwon da aka naɗe da zafinsa, danshin kuma shi ƙwayoyin cuta ke nema. Fata ma ba a feɗe ta a daji, domin ita ce rigar da ke kare tsoka daga ƙura da ƙuda har a iso wurin da ke da ruwa da tebur. Hanta da huhu da zuciya ba a zubar da su tare da hanji. Ana sa na kowace dabba a cikin roba mai murfi da lamba irin ta gawar, saboda a jikinsu likita ke ganin yawancin alamun cuta. Inda harsashi ya shiga kuwa ana yanke kewayensa a zubar, domin harsashin dalma yana tarwatsewa ya bar ɓurɓushi a cikin tsoka, kuma dalma guba ce, musamman ga yara da masu juna biyu.

Matsalar da hunturun ya kawo ita ce ƙura. Ragar da aka sa a tagogin iska tana hana ƙuda amma ba ta hana ƙura, don haka yanzu ana rufe tagogin da zarar an bar kwalta.

25 ga Janairu, 2025

Lissafin ƙanƙara. Kilo ɗaya na ƙanƙara yana shanye zafin da ya kai kilojul 334 kafin ya narke, kilo ɗaya na nama kuma yana fitar da kimanin kilojul 3.5 a duk digiri ɗaya da ya sauka. Idan ana son a sauko da nama daga digiri 35 zuwa 7, kowane kilo 10 na nama yana bukatar kusan kilo 3 na ƙanƙara. A takarda ke nan. A kan hanya bangon akwati yana shan rana, ana buɗe ƙofa a wuraren lodi da shingayen bincike, don haka muna ninka wannan adadi.

Ba ma barin ƙanƙarar ta taɓa nama. Ruwan da masu sayar da ita suke daskararwa ba kowa ya san asalinsa ba, ruwan narkewa kuma yana kwaso dattin fatar wata dabba ya kai cikin wata. Muna daskarar da ruwa a cikin ƙananan jarkoki masu murfi, mu jera su a kan shantar da ke saman akwatin tun da iska mai sanyi ƙasa take gangarowa, wata 'yar fanka mai aiki da batir tana juya ta. Ya kamata a faɗi gaskiya cewa wannan tsari ba ya kai cinyar gada zuwa digiri 7 a tafiyar 'yan awanni. Abin da yake yi shi ne ya sa zafin ya kama sauka ba tsayawa, har a miƙa naman ga ɗakin sanyi a gari. Dogaro da ƙanƙara ma yana da haɗarinsa: duhun da jihohin Arewa suka shiga na kwanaki a ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan lantarki suka samu matsala, ya nuna yadda take iya ɓacewa daga kasuwa gaba ɗaya.

12 ga Fabrairu, 2025

An kammala tsarin wanki. Da farko a kwashe gashi da gudajin jini, a wanke da omo da burushi, a ɗauraye, sannan a zuba ruwan bilic. Idan aka fara da bilic a kan jini da kitse, ƙarfinsa yana mutuwa bai yi aiki ba. Bilic mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari, mililita 115 a jarka mai lita 20 ya isa, kuma kullum sabo ake haɗawa. A bar ƙofa a buɗe akwatin ya bushe. An ja kunnen kowa cewa maganin ƙwari ba ya kusantar akwatin da sunan korar ƙuda. Direba da yaron mota suna sa safar hannu da takalmin roba, kuma mai rauni a hannu ba ya lodi, musamman a wannan lokaci na rani da zazzaɓin Lassa ya fi yawaita.

10 ga Maris, 2025

Zafin bazara ya shigo tare da azumi, kuma yanzu ne ake gwada aikin da gaske. Da rana zafin Kaduna yana haura digiri 35, daren ma ba ya hucewa kamar na Janairu. An dawo da lokacin tashi baya: da an yi sahur an yi sallar asuba motar take kama hanya, duk maharbin da bai iso wurin lodi ba kuma ba a jiransa. An yi gunaguni a makon farko, daga baya kowa ya daidaita fitarsa.

A wannan mako aka mayar da gawa ta farko. Wani matashi ya kawo gada yana cewa ya harbe ta ne tana tsaye ba ta gudu, wanda shi kansa abin tuhuma ne ga dabba mai tsoro irin gada. Direban ya lura da baƙin jini yana tsattsafowa daga hancinta da duburarta, jinin kuma bai daskare ba. Bai bari an buɗe ta ba, ya kira likita a waya, aka sanar da ofishin kula da lafiyar dabbobi na yankin. Ko mene ne sakamakon binciken, abin da direban ya yi shi ne daidai, domin waɗannan suna cikin alamun cutar antaraks, wadda makiyaya suka fi sani da ciwon saifa. Idan aka farke irin wannan gawa, ƙwayoyin suna haɗuwa da iska su yi wa kansu sulke, su zauna a cikin ƙasa shekaru gommai. Abin ba nesa yake da mu ba, domin a watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullarta a wata gona da ke Gajiri a ƙaramar hukumar Suleja, a kan hanyar Abuja zuwa Kaduna. An amince a riƙa ba maharbi wani abu daga asusun aikin idan aka ƙi karɓar dabbarsa saboda zargin cuta, domin idan asarar ta zama tasa shi kaɗai, gobe ɓoyewa zai yi ya sayar ta bayan fage.

6 ga Afrilu, 2025

Bayan Ƙaramar Sallah an fara ɗaura wa kowace gawa 'yar takarda a ƙafa, mai ɗauke da lambar maharbi, da wurin harbi, da lokaci, da zafin da aka auna wajen lodi da wajen saukewa. Amfaninta biyu ne: idan wani ya yi rashin lafiya ana iya bin sawun naman, a shingen bincike kuma nuna littafin yana rage daɗewar da ƙofar akwati ke yi a buɗe. Matan da ke sari sun ce yanzu suna sayar da mafi yawan naman ɗanye, banda kuma ta koma abin da ake yi don mai so, da nama mai kyau.

Akwai damuwar da na gabatar a zaman jiya wadda ba a warware ba. Duk abin da ya sauƙaƙa kai nama kasuwa yana ƙara wa mutane sha'awar shiga daji, alhali dattawan maharban da bakinsu suke cewa wuraren da suke samun gada a da yanzu sai an yi tafiya mai nisa. Na ba da shawarar kada a ƙara yawan ƙugiyoyi ko da ciniki ya buɗe, kuma motar ta huta a watannin damina da dabbobi ke da ciki ko goyo. Sarkin Baka ya goyi bayan hutun, wasu daga cikin samarin ba su yarda ba, suna tambayar me za su ci. Likitan ya kawo batun kiwon gyazbi a keji, wanda aka daɗe ana yi a Jamhuriyar Benin da Ghana da kudancin ƙasar nan, ya ce motar za ta iya ɗaukar na kiwo a lokacin hutun idan aka samu masu farawa.

Kafin ruwan farko ya sauka akwai sauran aiki: a canja robar bakin ƙofa da ta fara tsagewa, a ɗaga jarkar ruwan jini don kada taɓo ya taɓa ta, a kuma karɓo farashin ƙaramin firji mai aiki da sola daga wurare daban-daban a kwatanta da abin da ake kashewa a kan ƙanƙara. Batun hutun damina an ɗage shi zuwa zaman ƙarshen wata, kuma an roƙi malamin daji na yankin ya halarta.